Tankin Gidan Kawu

Laraba, 6 ga Agusta, 7:10 na safe

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, tsaya in tambaye ka. Ka taɓa yin abu da hannunka, ka ƙona yatsu a kansa, sannan ka tsaya a bayan taro riƙe da farantin shinkafa kana jin wani ƙato yana cewa shi ya yi? In ba ka taɓa ba, rufe ka mayar inda ka ɗauka. In ka taɓa, zauna.

Zailani nake. Tebur gare ni a shagon Baba Oluwole mai aikin famfo a Sabon Gari, ina gyaran hita da fanka da duk abin da wuta ke bi ta cikinsa. A aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya. Sauran karatun a bakin titin Samaru na tsince shi, cikin littattafan da ɗalibai ke watsarwa in sun gama jarrabawa.

Jiya aka yi suna a gidan Kawu Sidi, yayan mahaifiyata, a Samaru, gidan da na girma. 'Yarsa Ilham ta yi haihuwar fari, ta dawo gida wanka. Jininta ya hau a wajen haihuwa, likita a asibitin Shika ta ja wa Kawu kunne: ba tafasasshen ruwa, ba kunun kanwa, ruwa mai ɗumi kawai, don zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Kawu ya san uwarsa. Iya Kaltume ta yi wa mata sun fi talatin wankan jego, ruwan da bai ɗaye fatar hannu ba a wurinta ruwan alwala ne. Sai ya ɗauke rabin gangar da ake dafa ruwan jego ya bayar da ita kyauta, ya hana a hura itace a tsakar gida, ya kira ni na kafa tankin ruwan zafi na lantarki a banɗakin mata.

Na saita shi a 41. Na rufe makunnin zafin da murfi mai kusoshi huɗu, can sama kusa da silin inda sai da tsani, na ɗiga jan farcen da na karɓa wurin Bibiana 'yar Baba a kan kowace kusa. Sannan na ƙara abin da ba wanda ya sa ni: ɗan ma'auni kamar ƙusa a jikin tankin, da 'yar na'ura cikin robar sabulu, da layin waya, da batirin tsohuwar kwamfuta. Duk minti goma tana tura zafin ruwan zuwa waya. In ya haura 45 ta aika gargaɗi. Wata biyu ina haɗa abin nan kafin ma a san za a buƙace shi.

Wayar mijinta aka ce in sa. Muntasir. Malamin jami'a, injiniya, mai gilashi.

Jiya yana zaune kan kujerar roba cikin farar shadda, yana nuna wa abokansa wayar. "Wani ɗan tsari ne na yi mata. Ina ofis ina ganin komai." Wani ya ce, "Kai, Injiniya, ba ka da dama!" Ya yi murmushi ya gyara gilashi. Ya hango ni. Ya ce, "Zailani, a ƙaro ruwan leda a nan."

Na ƙaro.

Laraba, 1:30 na rana

An sa wa jaririyar Nana Khadija. Hancin uwarta ta ɗauko. Allah ya taimake ta.

Alhamis, 7 ga Agusta, 6:55 na safe

Akwai abin da ban rubuta jiya ba. Lambar waya biyu na sa a na'urar. Ta biyun tawa ce. Ba wanda ya sani.

Don aiki ne. Mai aiki yana bin aikinsa. In batir ya mutu wa zai gane? Shi?

Asabar, 9 ga Agusta, 5:40 na yamma

41 tun asuba. Ƙarfe 6:40 na safe ta faɗo 33, saboda an tari bokiti, ruwan sanyi ya shiga ya cike gurbin. Kafin takwas ta koma 41. Ƙarfe 5:20 na yamma ta sake faɗowa. Jiya haka, shekaranjiya haka.

Da NEPA suka ɗauke da rana ta gangara 36 a hankali, suka kawo ta hau. Aikina lafiya lau.

Baba Oluwole ya kama ni ina leƙen waya har sau uku ina tsakiyar naɗin kwayil ɗin fanka. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan boko da na sani. Ya ce, "Wace yarinya ce?" Na ce tanki ne. Ya ce, "Tanki. To. Ka gaishe min da tankin." Bibiana tana bakin shagonta na kitso ta ƙyalƙyale da dariya.

Litinin, 11 ga Agusta, 6:50 na safe

Ta faɗo. Minti goma a makare.

Talata, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Na je Samaru sayen wayar wuta mai kauri, na biya gaida Iya. Tana tsinke ganyen darbejiya da ake tsomawa a ruwan wanka. Da ta gan ni ta ce, "Ga mijina mai rowar wuta. Kai, wannan abin da ka rataya mana, shayi ma ba zai dafa ba."

Na ce, "Iya, mutum za a wanke, ba kaza za a fige ba."

"Rufe min baki. Uwarka da wane ruwa na gasa ta da ta haife ka? Ga ka nan ƙato har da gemu. Jikin mai jego ɗanye ne, in ba a gasa ba sanyi ya shige shi, sai ta shekara tana kumburi. Likitar nan ta taɓa haihuwa kuwa?"

Daga ɗaki na ji an ce, "Farfesan bola, kai ne?" Sunan da Ilham take kirana da shi ke nan tun muna yara, don ita ta fara ba ni littafinta na kimiyya da ta gama aji, ta ce tunda bola nake bi gara in fara da tata. Na tsaya daga bakin labule na ce, "Hajiya mai jego, an zama tsohuwa." Ta ce, "Kai dai ka zama tuzuru." Shi ke nan. Ban shiga ba.

Ina fita motar Injiniya na tsayawa. Ya fito da ledar balangu da lemo. Iya har da guɗa. "Surukin arziki!" Ni na kawo mata goro, ta soke a gefen zani ko dubawa ba ta yi ba.

Na tambaye shi ko saƙo na shiga. Ya ce, "Yana shiga, har ya yi yawa. Ba za a rage ba?" Mutumin da yake ofis yana ganin komai.

Alhamis, 14 ga Agusta, 9:00 na safe

Kawu ya tafi Gusau, amininsa ba lafiya. Ya ce mako guda. Ya kira ni daga tasha: "Zailani, tankin nan amana ne." Na ce in sha Allahu. Na kusa gaya masa maganar lamba ta biyu. Direba yana ta hon, ya kashe.

Asabar, 16 ga Agusta, 4:50 na yamma

4:10, 41.
4:20, 46.
4:30, 53.
4:40, 60.

Gargaɗi ya shigo wayata. In ya shigo tawa ya shiga ta Injiniya, tare suke fita.

Tanki ba ya hawa da kansa. Na san abin da na saka. Sai an kafa tsani, an kwance kusoshi huɗu, an murɗa. Iya ba ta hawa tsani. Matar Kawu ko kwan fitila ba ta canzawa. Ran Asabar da yamma namiji ɗaya ne ke shiga gidan nan.

Asabar, 5:35 na yamma

Ta kai 79 ta tsaya. Ƙarfe 5:20 ta faɗo 61.

An tara.

Asabar, bayan isha'i

Na ɗauki waya zan kira Kawu. Sai na ji tambayar tun kafin ya yi ta: ya aka yi ka sani? In ce masa me? In ce kwana goma sha shida ina zaune a Sabon Gari ina sanin lokacin da matar wani ke shiga wanka da lokacin da take fitowa? A gidan da aka rene ni? Iya za ta ɗora hannu a ka. Injiniya kuma ya samu abin faɗa har ya mutu.

Wataƙila sirkawa suke yi da na sanyi. Wataƙila na wankin kayan jaririya ne.

Kuma ai yana da wayar. Mijinta ne. Injiniya ne. Shi ya yi tsarin, duk Samaru ta ji. Ya duba tsarinsa.

Lahadi, 17 ga Agusta, 6:50 na safe

80. Ta faɗo 62.

Lahadi, 5:30 na yamma

80. Ta faɗo 60. Gargaɗi na goma sha ɗaya.

Zai kira. Dole ya kira. Zai ce Zailani abin nan yana ta ƙara, zo ka duba. Ni kuma in ce, wane abu, Injiniya? Wanda ka yi? So nake in ji shi ya faɗa da bakinsa. Sau ɗaya kawai.

Litinin, 18 ga Agusta, 3:00 na rana

Bai kira ba. Na rufe tebur na hau Keke na tafi.

Banɗakin mata har lokacin bangonsa na gumi. Warin dafaffen ganye ya cika tsakar gida. Na ce wa Iya na zo duba tanki. Ta ce, "A'a, an riga ka. Mai ilimin abin ya duba. Yanzu ne ya zama tanki." Na ce wa ya taɓa shi? Ta ce, "Kai alƙali ne?" Na ce likita fa ta hana. Ta ce, "Likita tana Shika, ni ina nan. Uwar mijin ma ta aiko, ta ce ba za a mayar mata da suruka ɗanya ba. Ka je ka auro taka ka yi mata wanka da ruwan randa."

Ilham na zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta jingina da bango. Ƙafafunta sun cika, zoben azurfan da ke yatsarta ya nutse cikin nama. Tana magana tana tsayawa ta ja numfashi. Ta ce, "Farfesa, lafiya kake zare ido?" Ta dube ni sosai, kamar tana jiran wani abu. Wayar na aljihuna, 80 a rubuce, ina jin ta a cinyata kamar dutsen guga.

Na ce, "Lafiya lau. Tari kike yi?" Ta ce, "Sanyin damina ne." Na ce Allah ya sawwaƙe.

Allah ya sawwaƙe. Abin da na ce ke nan. Ni mai bakin da ko kwandastan tashar Kwangila ba ya ja da ni.

Tsanin maƙwabci na jingine a zaure. Minti biyar ya ishe ni in hau in mayar. Amma a gaban Iya, bayan ta ce mai ilimi ya duba? Ta kira shi, ya zo ya ce wa ya ba ni izinin shiga banɗakin matarsa?

A hanya na tura masa saƙo: "Injiniya, ka duba tanki." Ya amsa bayan awa biyu: "Komai normal."

Talata, 19 ga Agusta, 6:50 na safe

81. Ta faɗo.

Na faɗa masa. A rubuce yake. Ba wanda zai ce ban faɗa ba.

Talata, 5:30 na yamma

Ta faɗo.

Na ƙona kwayil ɗin fankar wata mata daga Palladan. Baba ya dube ni ya ci gaba da aikinsa. Gara ya zage ni.

Gobe zan kira Kawu. Ko me zai biyo baya.

Laraba, 20 ga Agusta, 6:40 na safe

80.

6:50

80.

7:30

80. Ba ta faɗo ba. Wataƙila sun makara. Wataƙila jaririya ta hana su barci.

9:00

80.

Laraba, 2:50 na rana

Ƙarfe 2:30 ta fara sauka. Ba faɗowar bokiti ba ce, wannan na san ta, lokaci ɗaya take yi. Wannan a hankali take gangarowa, 78, 76, 75, irin ta tankin da aka rage wa wuta aka bar shi ya huce. NEPA ba su ɗauke ba, na kira mai shagon kusa da gidan na tambaya. Shi ne ma ya ce min, "Ba ka ji ba? Da asuba aka fita da mai jegon gidanku. Shika."

Laraba, bayan magariba

Ba su bar ni na shiga ba. Ta taga na hango ƙafar gado da tukunyar iska. Matar Kawu na riƙe da jaririya a baranda tana kuka ba sauti. Iya na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, carbi a hannu, ba ta ja. Ba ta ce min mijina ba.

Ruwa ne ya taru mata a huhu, zuciya ta gaza turawa. Haka matar Kawu ta ce likita ta ce. Likitar ta tambaya da wane ruwa ake mata wanka, aka yi shiru.

Na tambaya ina Injiniya. Aka ce tun wajen biyu ya koma gida ɗauko mata kaya.

Wajen biyu.

Alhamis, 21 ga Agusta, 7:00 na safe

41.

Kamar ba a yi komai ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, 4:30 na yamma

Kawu ya dawo jiya. Yau bayan masallaci ya kira ni zaure. Muntasir na gefensa, ido ja, da abokansa biyu cikin waɗanda suka ci shinkafar suna.

Kawu bai ɗaga murya ba. Bai taɓa ba. Ya ce, "Na ce maka amana." Na ce haka ne. Ya ce, "Muntasir ya duba, ya ce makunnin yana nan a inda ka sa shi, amma abin da ke yanke wutar ne ya lalace, ruwan ya riƙa tafasa. Ya ce na'urar kuma ba ta turo komai ba."

Ɗaya abokin ya ce, "Matsalar kayan gwangwan ke nan, Baba. Irin wannan aiki ana ba wanda ya karanta ne."

Ran suna tsarin Injiniya ne. Yau kayan gwangwan ne na ɗan Sabon Gari. Na dubi Muntasir. Yana kallon tabarma.

Gargaɗi talatin da huɗu ne a aljihuna, kowanne da ranarsa da mintinsa. Na buɗe baki. Sai na ga fuskar Kawu, na ga yadda za ta koma in na ce ina gani tun ran Asabar.

Ya ce, "Je ka cire kayanka."

Na ɗauko tsani na hau. Jan farcen Bibiana ya fashe a kan kusoshi huɗun duka. Kan kusa ɗaya ya cinye, an sa sukundireban da ba nata ba, aikin wanda bai saba ba. Na ɗauki hoto. Na gwada abin yanke wutar sau uku, yana yankewa tsaf. Ban cire komai ba. Na sauko na fita ta ƙofar baya.

Asabar, 23 ga Agusta, 11:00 na safe

Na faɗa wa Baba Oluwole duka. Yana yanka zare a bakin fayif, bai tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Ya ce, "Kwana nawa kana gani?" Na ce huɗu. Ya ce, "Huɗu." Ya goge hannu. "Shekara arba'in ina shiga banɗakin mutane, Zailani. Na ga abin da ba a faɗa, ban faɗa ba. Amma in na ga wayar wuta a cikin ruwa, ihu nake yi, ko matar gwamna ce a ciki. Kunya kuma daga baya."

Na ce Injiniya fa ya murɗa. Ya ce, "Shi ya murɗa. Kai me ka yi?" Na ce na tura masa saƙo. Ya ce, "Kalma nawa?"

Na tashi na bar masa shagon.

Huɗu ne. Na ƙirga a hanya.

Lahadi, 24 ga Agusta

Ban duba ba yau.

Ƙarya ne. 41.

Talata, 26 ga Agusta, 5:00 na yamma

Me ya fi ni da shi? Ina tambaya ne tsakani da Allah. Takarda. Mota. Ya iya zama a gaban manya ya naɗe ƙafa. Littafin da ya karanta aka ba shi digiri, na karanta shi a kan benci da fitilar waya, bangonsa ma babu. Da ya zo neman aure ni na shimfiɗa tabarmar da danginsa suka zauna. Ni na ja wayar lasifika ran ɗaurin aure. Ba wanda ya tambaye ni komai, ni ma ban ce komai ba, me zan ce, da teburi ɗaya a shagon wani?

Ya tsaya gaban tsofaffi biyu ya kasa cewa a'a, don kar a ce surukin arziki ya yi gardama. Wannan shi ne namijin da aka zaɓa.

Ni kuma da ba a zaɓa ba, na tsaya gaban tsohuwa ɗaya.

Ba zan ƙara rubutu yau ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, 4:20 na yamma

An cire wa Ilham iska da rana, sai da daddare ake mayarwa. Matar Kawu ta kira ta ce tana nemana. Na je da ayaba, na rasa abin da ake kaiwa.

Ta rame, kumburin ya sauka, zoben yana yawo a yatsa. Likita ta ce zuciyar ta buɗe, za a daɗe ana shan magani, kuma maganar wata haihuwa a ajiye ta tukuna. Ba a san ko za ta koma daidai ba. Matar Kawu ta fita wanke kwano ta bar ƙofa a buɗe.

Ta ce, "Farfesan bola." Muryar kamar ta cikin rijiya. Na ce, "Sannu." Ta ce, "An ce kayanka ne suka lalace." Ta ce, "Kayanka ba sa lalacewa. Rediyon da ka haɗa min da gwangwanin madara har yanzu yana kama tasha."

Sai ta ce, "Ka sa lambarka a ciki, ko?"

Na ce wa ya faɗa miki? Ta ce, "Wa zai faɗa min? Tare muka girma. Ba ka taɓa haɗa abu ka juya masa baya ba." Ta huta. "Ranar farko da ruwan ya canza na ji tsoro. Iya na watsa min ina ganin duhu. Sai na ce a raina, Zailani na gani. In da haɗari zai zo ya tayar da gidan nan da masifarsa. Da ka zo ran Litinin ka ce lafiya lau, sai na ce to, ashe ni ce raguwa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Na ce, "Wa ya hau tsanin?" Ta juya fuska bango. Ta ce, "Uban 'yata ne, Zailani. Kar ka tambaye ni."

Na ajiye ayabar na fito. A bakin ƙofar asibiti na zauna kan kwalbati har mai gadi ya zo ya tambaye ni ko rasuwa aka yi min.

Juma'a, 29 ga Agusta, 10:15 na safe

Na je shagon buga takardu na fitar da komai. Shafi tara. Kowace lamba tun ran da na kafa tankin, da hawan ran Asabar ƙarfe 4:10, da saukar ran Laraba ƙarfe 2:30, da gargaɗi talatin da huɗu da lambobin waya biyun da suka shiga, tasa da tawa. Da hoton kusoshi. Da saƙona mai kalma huɗu da amsarsa mai kalma biyu. Ban goge layi ko ɗaya ba, har faɗowar safe da yamma ta kwana goma sha tara, wadda duk mai hankali zai gane me nake kallo.

Jiya matar Kawu ta ce Iya ta fara cewa in an sallamo ta sai a ƙarasa arba'in, don wankan da aka katse ne ya jawo. Kawu kuma ya yarda tanki ne ya lalace, ya ce a kira wani ya sa sabo. Wato makunni na nan, tsani na nan, mai hawa na nan. Shi ya sa ba zan kai wa Kawu a ɓoye ba. A ɓoye aka murɗa, a ɓoye na gani, a ɓoye aka mayar. Ya isa.

Baba ya ce zai raka ni ya tsaya daga waje. Bibiana ta ba ni kwalbar jan farcen ta ce in nuna musu kalar.

Yau bayan an sauko daga masallaci, a zauren Kawu, gaban mutanen da suka ji ka ran suna, Muntasir, ni zan fara. Zan ce na sa lambata ba da sanin kowa ba. Zan ce na ga 79 ran Asabar na yi shiru har Laraba, don ina jiran ka kira ni ka ce ni na yi abin. Kawu ya kore ni daga gidan, Iya ta tsine min, in ji kunyar da ta fi wadda na guje wa. Na yarda.

Sannan in zauna, kai ka tashi.

Muntasir, kai da kake ofis kana ganin komai: wa ya kafa tsani ran Asabar? Saƙo talatin da huɗu, ina ka kai su? Ran Laraba, matarka na kan gado ana neman numfashinta, kaya ka koma ɗaukowa ko kusoshi ka koma ɗaurewa? Ba a waya ba, ba a mota ba, ba ta bakin abokanka ba. A zaure, da ƙarfi, yadda Iya za ta ji daga tsakar gida. Ka amsa.